Ranar da Aka Daina Awo da Ƙafata

Allah ya ba ni ƙafa. Ban ce ya ba ni ilimi ba, ban ce ya ba ni kyau ba, amma ƙafa kam ya ba ni, har a nan New York inda mutane ke da girman jiki sai na zaga shago uku kafin in sami takalmin da zai shige ni. Na fara da ita ne domin ita ta naɗa ni sarauta, kuma ita ta tona mini asiri ranar da na so in gudu da sarautar.

Karatuna shekara biyar ne a lakwal, wato makarantar boko, can wani gari kusa da Damagaram. A shekara ta biyar muka sami wani mushe, haka muke kiran malamin lakwal, siriri mai tabarau, wanda in ya shiga labarin Faransa har mantawa yake da bulala. Shi ya ba mu labarin yadda talakawan ƙasar suka tashi wa sarkinsu. Ya ce labarin kashi biyu ne, na farko abin da ya jawo, na biyu abin da ya biyo baya. Na farkon na haddace shi kamar karatun allo, har yau ina iya kawo shi a tsaye. Mutanen ƙasar gida uku ne: limaman coci, masu sarauta, sai sauran jama'a. Gida biyun farko ba sa ɗaukar nauyin haraji, na ukun ke ɗauka. Baitulmalin sarki ya bushe saboda yaƙe-yaƙe, har da taimakon da ya ba mutanen wannan ƙasar da nake zaune cikinta don su rabu da Turawan Ingila. Ƙanƙara ta lalata amfanin gona, sanyi mai tsanani ya biyo, burodi ya gagari talaka. Sarki ya kira taro, aka ce kowane gida murya ɗaya gare shi, wato biyu su danne ɗaya ke nan kullum. Wakilan talakawa suka iske an kulle musu zauren taro, suka tafi wani ɗakin wasan ƙwallo suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai an rubuta doka. Daga nan jama'a suka fasa wani babban kurkuku.

Nan kashin farko ya tsaya, ranar Alhamis. Ranar Asabar mahaifina ya ce boko ya isa haka, in bi shi fatauci. Kashi na biyu ban ji shi ba. Wani abokina dai ya gaya mini a kasuwa cewa an sare kan sarkin, na ce Allah sarki, muka ci gaba da cin gyaɗa. Don haka ni masanin rabin juyin juya hali ne, kuma ina roƙon mai karatu ya girmama ni daidai rabin nan.

Na zo wannan birni da sauran ƙarfi a jikina, na kafa tebur a titin 125 ina sayar da huluna, carbi da turaren kwalba. Wanda ya yi talla a bakin titi a nan ya san abin da ake nufi da iska mai shiga ta hannun riga ta fita ta wuya, ya kuma san naɗe kaya cikin sauri in an ga masu duba takarda. Bayan shekaru muka sami wani tsohon shagon kujeru a wani lungu kusa da titin, babu kowa ciki, dogo ne kamar zaure. Mu goma sha tara muka haɗu muka kama shi, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, da 'yan zangon Gana. Ni ne na fi kowa daɗewa, takarduna sun cika, don haka sunana aka sa a takardar haya, mabuɗi ya zauna a aljihuna.

Ranar rabon wuri babu wanda ya tuna ya kawo abin awo. Wani ya ce, "Baba, ai ga ƙafarka, ta fi ta kowa albarka." Aka yi dariya, na tuɓe hula na ɗauki alli, na dinga sa diddige a bakin babban yatsa ina ƙirgawa, taku takwas ga kowane tebur. Tun ranar suka fara ce mini Sarki. Da wasa aka fara. Ni ne ban riƙe shi da wasa ba.

To a nan zan faɗi gaskiya, tunda tsufa ya zo kuma ba ni da sauran abin ɓoyewa. Kowa taku takwas ya samu, wannan ko a gaban alƙali zan rantse. Sai dai ƙafata ta san dangi. In ana auna wa mutumin garinmu, da takalmin sanyi nake aunawa, mai kaurin baki, kuma tsakanin diddige da yatsa iska tana ɗan wucewa. In ana auna wa wanda ban san ubansa ba, sai a tarar na fito daga alwala da silifa, yatsuna a lanƙwashe. Duk shekara ake sabunta layin, in sabon mutum ya shigo ko wani ya tafi, kuma duk shekara wurin dattawa yana ɗan ƙiba. Kason haya kuwa ɗaya ne ga kowa.

Shara da kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa bi da bi ake yi, amma ban da ni, don sarki ba ya riƙe shebur. Ban da dattawa uku abokaina, don bayansu. Ban da liman mai sayar da littattafai, don ba a ba mai jan salla tsintsiya. In magana ta taso kuma na tsara yadda za a yanke ta cikin adalci: dattawa murya ɗaya, liman murya ɗaya, sauran jama'a su goma sha huɗu murya ɗaya. Wallahi ban kwafa daga mushe ba. Ko sau ɗaya ban tuna da shi ba lokacin da nake tsarawa. Abin da kansa yake zuwa wa mutum in mabuɗi ya daɗe a aljihunsa.

A cikin goma sha huɗun nan akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai sayar da man kaɗe da sabulun salo, mace gajera mai murya kamar ta mai shela. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da 'ya'ya uku. Da ta shigo cikinmu ban san kowa nata ba, sai na auna mata da silifa, na ba ta bakin ƙofa. Kowa ya shigo sai ya buɗe mata sanyi, kowa ya fita sai ya ƙara mata. Hita ɗaya ce a shagon, tana can ƙurya ƙarƙashin teburina tana gasa ƙafar mulki.

Wata shekara aka yi sanyin da ko 'yan ƙasar sai da suka yi ƙorafi. Man kaɗen Hajiya ya daskare ya zama kamar dutse. Shi kuwa man kaɗe, mai saye sai ya lakata da yatsa ya murza a bayan hannu kafin ya yarda. Mata su zo su danna, yatsa ya ƙi shiga, su ce tsoho ne su wuce. Sati biyu tana kallon kayanta. Ran nan ta tako har ƙurya ta tsaya gabana.

"Baba Sarki, barka da ɗumi."

"Barka kadai, Hajiya. Ya sanyi?"

"Sanyi yana wurina, na bar shi yana gadin kaya. Na zo roƙo ne. A ba ni aron hitar nan awa biyu da rana, mai ya saki."

Da na ce to, da yanzu ba ni da labarin rubutawa. Sai na dube ta, na gyara zama, na ce, "Hajiya, a ƙasar nan jaket biyu ake sawa."

Ta ce, "Man kaɗen zan sa wa jaket, ko ni?"

Aka yi dariya, amma ba irin dariyar da na saba ji ba. Ta juya ta koma wurinta. Da na isa gida na ba uwargida labari ina jiran ta yaba mini iya magana, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Alhaji, wannan maganar za ta dawo maka, kuma ba ita kaɗai za ta dawo ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko, goma sha huɗun suka ce suna son ɗakin baya su yi mitin. Na ce mabuɗin ya shige wani wando. Ku duba fa, ni da na haddace abin da ke faruwa in an kulle wa talakawa zauren taro. Suka tsallaka titi suka shiga gidan wankin kaya na haya, suka zauna a kan benci tsakanin injuna masu juyawa, suka yi abin da suka yi. Mai gidan wankin ya gaya mini daga baya har Fatiha suka shafa.

Jagoransu na fili wani tela ne Bakano, mai shekara talatin da wani abu, mai zafin kai, wanda kekensa ke tsakiyar shago. Da suka dawo, shi ya shigo gaba riƙe da bayan kwali an rubuta koke-koke a kai. Shara ta zama ta kowa. Murya ta zama ta kai, ba ta gida ba. A sake awo. A buɗe sito, a ga abin da ke ciki. Sito wani ɗan ɗaki ne da na sa wa kwaɗo tun shigowarmu, babu mai leƙa shi sai ni, har ana raɗe-raɗin na cika shi da kaya ina ajiya kyauta. Na ce ba za a buɗe ba. Tela ya ɗauko guduma, bugu uku kwaɗo ya faɗi.

Me suka samu? Karyayyun kujeru biyu, laimata ta zamanin bakin titi, tsohuwar tabarma. Da nan abin ya tsaya da na ci riba. Sai ga kwali a bayan kujerun, hita sabuwa fil ba a taɓa buɗe ta ba. Mai ginin ya kawo mana ita shekara biyu da suka wuce, na ajiye don ranar da tawa za ta mutu, na manta. Na rantse na manta. Hajiya ta dubi kwalin, ta dube ni, ta juya ta koma bakin ƙofa.

Ba su tuɓe ni nan take ba. Suka kafa kwamiti, suka ce in ci gaba da zama Sarki, amma komai sai da sa hannun kwamiti, kuma ranar Lahadin makon gaba za a sake awo. Na sa hannu a bayan kwalin ina murmushi, na ce ai ni ma abin da nake so ke nan tun da daɗewa. Amma na lissafa, in aka auna da gaskiya teburina zai rage da kusan kamu biyu, ƙuryata kuma ba tabbas.

Ranar Talata na ce ina da ganin likita. Na ajiye hulata ta saƙa da kowa ya san ni da ita, na ari hana-salla ta surukina, na sa baƙin tabarau da jaket mai rufin kai, na ɗauki takardar haya a cikin leda. Niyyata in je ofishin mai ginin can tsakiyar birni, in nuna masa sunana ne a takarda, ya rubuto wasiƙa cewa ni kaɗai ke da ikon cewa wane ya zauna wane ya fita. Da wasiƙar nan a hannu, kwamiti ya zama labari, tela da Hajiya kuma su nemi wani wuri.

Na sauka daga jirgin ƙasa, saura layi biyu in isa, sai ƙamshin gasasshen nama ya tare ni daga wani keken abinci. Na ce bari in ɗan sa wani abu a ciki, ba a shiga wurin manya da yunwa. Ina tsaye ina jira a naɗe mini, kaina a sunkuye, sai na ji murya a bayana.

"Allah ya ja zamanin sarki."

Ban juya ba. Na yi kamar ba na jin Hausa.

"Ranka ya daɗe, fuska kam ka ɓoye ta, Allah ya sani. Amma takalmin nan duk birnin nan mutum ɗaya ke sa irinsa."

Tela ne. Unguwar masu sayar da zare da maɓalli ce ashe, ya zo sari. Ya dubi ledar hannuna, takardar tana leƙowa da tambarin mai ginin a samanta. Ya ce, "Likitan a nan yake? Mu je in raka ka, kada a yi maka allura babu ɗan'uwa kusa." Haka muka dawo jirgi ɗaya, yana riƙe da ledar zarensa, ina riƙe da naman da na kasa ci. Kafin la'asar kowa ya ji. Aka ce taron Lahadi ba na awo ba ne kaɗai yanzu, za a fara da maganar ko zan ci gaba da zama a shagon.

A nan wasa ya ƙare mini. Shekaruna sun haura sittin, gwiwa ta fara magana. In suka fitar da ni, bakin titi ba zai karɓe ni ba kuma. Takardar haya da sunana, gaskiya ne, amma mutum ɗaya ba ya riƙe shago irin wannan, in suka tashi gaba ɗaya ni da bango za mu zauna. Kuma ko na ci ta wannan hanya, da wace fuska zan shiga sahu ranar Juma'a? Teburin nan shi ne wurin da nake zuwa da safe, shi ne inda ake gaishe ni.

Ranar Asabar da hantsi 'yata ta biyu ta zo daga Tompkinsville inda take aure. Malamar makaranta ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki rabi Turanci ke fitowa. Uwarta ta riga ta ba ta labari a waya. Ta same ni a falo na zuba tagumi, na ce mata, "Ke da kika yi boko har ƙarshe, zo ki biya mini bashin mushe. Bayan an fasa kurkukun nan na Faransa, me ya faru?"

Ta zauna ta fara. Ta ce kurkukun ma da aka fasa mutane kaɗan aka samu ciki. Ta ce ba a kashe sarki nan da nan ba, an bar shi a kan kujera, aka ce ya yi mulki ƙarƙashin doka, ya kuma amsa da baki.

Na ce, "To me ya kai shi ga wuƙa?"

Ta ce, "Ya sake kaya ya gudu, Baba. Ya nufi bakin iyaka inda yake sa ran samun masu mayar masa da ikonsa. A hanya wani ya gane shi, aka juyo da shi. Daga ranar babu wanda ya ƙara yarda da maganarsa."

Daga kicin uwargida ta ce, "Tambaye ta ko shi ma hana-salla ya sa."

Kashin farko na san shi na aikata. Kashi na biyu ban san shi ba, na kuma aikata. Ban san wanne ya fi zama abin kunya ba.

'Yata ta ci gaba, ni kuwa ina shafa wuya. Bayan kan sarki da na matarsa, injin sare kai bai huta ba. Waɗanda suka yi juyin suka koma zargin juna, yau ka aika da wani, gobe a aika da kai, har manyan jagororin suka bi ta ƙarƙashin wuƙar da suka wasa. Da mutane suka gaji, wani soja ya karɓe ƙasar, ya naɗa kansa abin da ya fi sarki, ya jefa nahiyar cikin yaƙi. Bayansa sarakuna suka dawo, aka sake korarsu, aka yi ta kai da komo shekaru masu yawa.

Na ce, "To duk jinin nan, me ya rage a hannun talaka?"

Ta ce abubuwa sun rage. Gatan haihuwa ya karye, doka ta zama ɗaya a kan mai sarauta da manomi, ko da a takarda ne a farko. Sannan ta yi murmushi irin na uwarta ta ce, "Da mita, Baba." Ta ce kafin juyin kusan kowane yanki da ma'auninsa, masu ƙasa suna karɓar hatsi da mudun da suka ga dama, talakawa sun yi ta kuka a kai. Har akwai wani awo da ake kira ƙafar sarki. Masu juyin suka ce a samo awon da ba na jikin kowa ba, aka ciro shi daga girman duniya kanta, shi ne mitar da na yi shekaru ina auna yadi da ita a kasuwannin Nijar ban san daga ina ta fito ba.

Na dubi ƙafafuna a kan kafet. Ban taɓa ganin sun yi muni kamar ranar ba.

Lahadi bayan azahar aka rufe ƙofar shago, aka jera kujeru. Na zauna a gefe da hulata ta gaskiya. Tela ya tashi ya yi magana mai tsawo, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce mutumin da ya sa hannu ranar Juma'a ya tafi sayar da mu ranar Talata ba abokin zama ba ne. A je wurin mai ginin a sake takarda da sunan kwamiti, ni kuma in kwashe hulunana. Da yawa suka ce haka ne. Dattawa abokaina uku suka dinga duba carbinsu kamar yau suka fara ganinsa. Aka ce in yi magana. Na so in ba su kashi na biyu, in tsorata su da abin da ke samun masu sare kai, sai na ga bakina bai cancanci ya faɗa ba. Na ce abin da tela ya faɗa gaskiya ne, na auna da son kai, na ɓoye hita ko na manta da ita, duk ɗaya ne ga wanda ya sha sanyi, kuma na tafi ofishin nan da mugun nufi. Na zauna.

Sai Hajiya ta miƙe. Na ce shi ke nan, wuƙa ta iso.

Ta ce, "Ni ce na sha sanyin, ko ba ni ba? To ku bar ni in faɗa. Takarda a sake ta da sunan kwamiti, wannan dole. Mabuɗi ya bar aljihunsa, dole. Amma in mun kore shi yau don ranmu ya ɓaci, gobe wa za mu kora? Tela, kekenka yana hana ni jin masu saye, in tara mutane a kanka? Mun ce ba ma son a auna mu da ƙafar mutum. To fushinmu ma ƙafa ce. A kawo tef a auna masa kamar kowa, ya ɗauki tsintsiya kamar kowa. Ni abin da nake so in gani da idona ke nan, Baba Sarki da shebur. In kun kore shi kun hana ni kallo."

Dariya ta ɓarke, irin ta da. Aka ɗaga hannu, kai da kai, karo na farko a tarihin shagon. Da hannu biyu na tsira, ɗaya ma na liman ne, wanda ya ɗaga shi rabi kamar mai korar ƙuda, aka ce a ƙirga.

Tela ya ciro tef daga wuyansa, nan kuma sabuwar rigima ta tashi. 'Yan Nijar suka ce da santimita, 'yan Gana da 'yan Najeriya suka ce da inci, mu nan Amurka muke. Aka kusa rabuwa a kan wannan, sai da wani ya lura tef ɗin fuska biyu gare shi, kowa ya karanta gefen da uwarsa ta haife shi a kai. Hukuncina na farko shi ne in riƙe bakin tef. Na durƙusa da gwiwar nan tawa tebur goma sha tara, ina danna ƙarfen a ƙasa, tela yana ja, Hajiya tana bin mu da fenti, don an ce alli ya cika saurin canza ra'ayi. Da aka gama aka rubuta lambobi aka zuba a hulata, kowa ya sa hannu ya ciri wurinsa. Ni na ciri na ƙarshe.

Bakin ƙofa.

Ko tela sai da ya ce, "Allahu akbar." Hajiya ta zauna a kan kwalin sabulu tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Jaket biyu, Baba Sarki! Jaket biyu ake sawa!"

Washegari na zo da jaket biyun kuwa, na jera kwalaben turarena ina tunanin yadda za su yi kauri su ƙi zuba. Sai ga tela ya nufo ni da sabuwar hitar nan, ya ajiye ta gefen teburina ya jona, fuskarsa a murtuke. Na ce, "Malam tela, wannan fa?" Ya ce, "Ba don kai ba ne, kada ka ji daɗi. Doka ta biyar ce a kwali, tun a gidan wanki muka rubuta: hita ɗaya ta mai bakin ƙofa ce, ko wane ne." Sun rubuta ta ne don Hajiya, a kaina suka rubuta ta, ga shi ni ta fara ɗumamawa.

Ba zan ce daga nan komai ya zama madara ba. Wata shida na farko mun ga namu ɗan zamanin tsoro. In gefen tabarmarka ya haye fenti da faɗin yatsa sai a kira mitin. Tela ya zama shugaban kwamiti, ya sayi usur, ya fara tafiya hannu a baya, har ya soma cewa zaɓe kowace shekara ɓata lokaci ne. Na gaya wa 'yata, ta ce saura ya nemi doki kamar sojan nan na Faransa. Shekara ta zagayo aka ɗaga hannu aka sauke shi, ya koma kan kekensa, babu wanda ya ce ya kwashe. Yanzu shi ke rage mini tsawon wando, kuma ba ya fasa yi mini kirari in na shigo.

Mushe ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, ina gode masa da rabin da ya ba ni ko da ban yi aiki da shi ba. Ina gode wa 'yata da ta cika sauran. Mutanen Faransa kuma, waɗanda ba ni da wani dalilin ƙaunarsu in na tuna abin da jikokinsu suka yi a ƙasarmu, ina gode wa talakawansu na wancan zamani da suka sha wahalar gwada abin da jini, har ya iso gare mu a matsayin tef ɗin tela da ɗaga hannu. Shi sarkin nasu ina tausaya masa, na san yadda mabuɗi ke yi wa mutum, kuma bai sami mai man kaɗe a cikin masu yi masa shari'a ba.

Shekara tara ke nan. An sake ƙuri'ar wuri sau da yawa, na zaga shagon, bana ina tsakiya kusa da mai agogo. Talata ce ranar sharata. In dusar ƙanƙara ta faɗo a ranar, Hajiya takan bar kayanta ta fito bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ce kallon da aka yi mata alkawari ta zo yi, har ta nuna mini inda na tsallake. Farkon kowane sanyi kuma sai in tarar da ɗan gwangwanin man kaɗe a kan teburina, mai laushi, yatsa na shiga. Shekarar farko na tambaye ta na mene ne. Ta ce, "Na faso ne. A shafa wa ƙafar nan, ta yi wa jama'a aiki ta yi ritaya."

Ina shafawa kuwa, kullum bayan sallar asuba, kuma gwangwani ɗaya ba ya kai ni ƙarshen sanyi.